Tsabar kuɗi a babban kanti, bashi a shagon unguwa

Akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, mu 'yan albashi na cikin birnin Zariya, kuma na lura ba mai son a taɓo ta. Ranar da albashi ya shigo, sai magidanci ya tayar da mota ko ya tari Keke Napep a Babban Dodo, ya fita ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya haye Kubanni, ya nufi ɗaya daga cikin manyan kantunan zamani da ke ta buɗewa a wajajen PZ da Sabon Gari da hanyar Samaru. A can zai tura kwando mai taya, ya loda taliya da madara da sabulu, ya miƙa kati a cire kuɗi nan take, ragin ko sisi bai nema ba. Wata na rabawa, aljihu ya yi sanyi, sai ga ɗansa a bakin shagon unguwa: “Wai in ji Baba, a ba da sukari da ganyen shayi da man gyaɗa kwalba ɗaya, a rubuta.”

A majalisarmu ta bayan Magariba, muhawarar da ake yawan yi ita ce wane kanti ya fi araha, wanne ya fi tsafta, wanne ke da wurin ajiye mota. Ni kuwa a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Kafin mutum ya zaɓi kantin da zai kai kuɗinsa, ya fara tambayar kansa wa ke riƙe da tukunyar gidansa a makonnin da babu kuɗin. In mai shagon lungu ne, to shi ya fi cancanta da kaso mai tsoka na cinikin ƙarshen wata.

Ba na ƙin babban kanti, kuma ina shiga. Abin da ya fi burge ni da shi, farashi a rubuce yake. Ba a kallon hularka ko takalminka kafin a faɗa maka kuɗin gwangwanin madara, abin da farfesa daga Samaru zai biya shi ɗalibi zai biya. Kana da damar ɗaukar kaya ka juya, ka karanta ranar lalacewarsu da lambar NAFDAC ba tare da wani ya tsare ka da ido ba. Kayan ba su kwana suna gasuwa a ƙarƙashin kwanon rufi ba. Ga mai jariri, ko mai dattijo a gida da likita ya hana shi wasu abinci, akwai abubuwan da sai a can za a same su. Kuma wani lokaci kayan gwangwani da na kwali sun fi sauƙi a can, domin kantin na sarowa kai tsaye daga dilan kamfani katan-katan, alhali mai shagonmu rabin katan yake iya ɗaukowa daga Sabon Gari, ya biya ɗan dako, ya biya abin hawa.

Sai dai rubutaccen farashin ma yana son sa ido. A Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci, bisa zargin cewa kuɗin da ke manne a kan kanta daban, wanda ake cira a wurin biya daban. Mu nawa ne ke tsayawa mu karanta rasit kafin mu fita? Yawanci dunƙule shi muke yi mu jefa cikin leda, saboda kunyar kada na bayanmu a layi ya ɗauka ba mu da hali.

Sannan akwai kuɗin da ba ya fitowa a rasit. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur a hukumance ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da dama. Wanda ya taso daga Kwarbai ko Limancin Kona ko Ƙaura don ya sami ragin ɗari biyu a kan katan ɗin taliya, ya lissafa kuɗin zuwa da dawowa tukuna. In kuma ya tafi da yara, to Allah ya kyauta. Ba a banza ake jera alewa da cakulan daidai tsayin yaro a bakin wurin biya ba. Ka shiga da niyyar abu biyar, ka fito da goma sha biyu, uku daga ciki uwargida ba ta ma san me za ta yi da su ba. Sanyin na'urar da ke ratsa ka da hasken fitilun nan kuwa, janareta ne ke ba da su, kuma kai ne mai biyan kuɗin gas ɗin.

Abin da ke ba ni dariya shi ne Bazazzagi ya sayi tumatir a babban kanti, guda shida a naɗe cikin leda mai sheƙi. Ƙasar Zazzau fa! Fadamar Galma na nan a gefenmu, da rani tumatir da tattasai da albasa har sai an rasa kwandon zubawa. Masara da dawa da waken suya daga Giwa da Soba da Makarfi suke shigowa, har 'yan kudu ke turo manyan motoci su kwasa. Hatsi da kayan miya da nama, wurinsu kasuwa: kasuwar birni, ko ta Tudun Wada, ko ta Sabon Gari in mutum na son sari. A can kana damƙar shinkafa ka shinshina, ka ga ko tana da tsakuwa. Kana tsaye mahauci zai yanko maka inda ka nuna, ka san yankan yau ne. Ka taya, a ce albarka, ka ƙara, a sallama, a ɗora maka gyara. Kazar da ta daskare a firjin kanti, a garin da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, wa ya san sau nawa ta narke ta sake daskarewa? Kai ma in ka kawo ta gida, a wane firjin za ka ajiye?

Daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya da ƙuli-ƙuli kuwa ko kasuwar ba na zuwa. A cikin gidajen unguwa ake yin su, kuma galibi masu yin zawarawa ne da tsofaffi da ke riƙe da marayu. Wadda muke saye a wurinta, Inna muke ce mata duk unguwar, kuma man gyaɗarta ba ya buƙatar tambari.

To, mu dawo kan mai shago, don shi ne maganar.

Wanda bai zauna cikin ganuwa ba zai yi wuya ya gane matsayin wannan mutum. Lungunanmu da yawa mota ba ta shiga. Matan aure da dama ba sa fita cefane, yara ake aika, kuma ba wanda zai aiki ɗan shekara bakwai PZ. Shagon na buɗewa bayan Asuba, ba ya rufewa sai bayan Isha'i. Yana sayar da abin da babban kanti ba zai taɓa sayarwa ba: dunƙulen magi biyu, omo na wanki ɗaya, manja a ƙulle, madarar da za ta ishi kofin shayi guda. Tun shekarun 1990 da kamfanoni irin masu Cowbell suka fara ƙulla madara a 'yan ƙananan ledoji, sun gane cewa yawancin 'yan Najeriya da kuɗin yini suke cefane, kuma ta hannun mai shago wannan ciniki ke bi.

Sama da duka, yana da littafi. Wani tsohon littafin makaranta ne mai lanƙwasassun gefuna, kowane gida da shafinsa. Babu ruwa a kan bashin, babu jingina, babu takardar sa hannu. Shaidarsa kawai ya san mahaifinka, kuma sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci.

Mun ga amfanin littafin nan a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi na Babban Bankin Najeriya a zamanin Godwin Emefiele. Mutum na da kuɗi a asusu amma ba shi da naira ɗari a hannu. Layin banki tun kafin gari ya waye, masu POS na cajin abin da suka ga dama, taransfa ta maƙale a hanya kwana da kwanaki. Har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. A waɗannan makonni, a unguwarmu, littafin mai shago ne ya hana tukwane da yawa kifewa. Na ji da kunnena yana ce wa wani dattijo da ya tsaya yana kame-kame: “Baba, ɗauki kawai. In gari ya waye ma yi magana.” Na'urar babban kanti kuwa in ta ce kati bai wuce ba, sai ka mayar da kaya kan kanta.

Yanzu a duba lissafin mutumin nan. Jarinsa ƙarami ne, ribarsa a kan kowane abu 'yar kaɗan ce, abin da ke riƙe shi shi ne kuɗin su riƙa juyawa. In rabin jarin na kwance a littafi, kuma farashi na tashi kowane mako kamar yadda aka yi a 2024, lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, to kuɗin da ka biya shi bayan wata guda ba za su sake sayo abin da ka karɓa ba. Ya ba ka taliya goma, ka mayar masa da kuɗin takwas ke nan. Abin da zai cike wannan giɓi shi ne cinikin tsaba mai kauri, irin na ƙarshen wata. Shi ne kuma muke ɗauka mu kai wa wanda bai san sunanmu ba. Daga nan sai ka ga kantar shagon ta fara yin fili, yau babu madara, gobe babu sabulu, mu kuma mu ce ai shi ya sa muke zuwa babban kanti, shagon Malam ba komai a ciki. Jibi a sa kwado. Mai shi ya koma acaɓa, ko ya tafi Abuja neman aikin gadi.

Manyan kantuna kuma ba su yi wa kowa alkawarin zama ba. Unguwar PZ kanta sunan kamfanin Turawa ne, Paterson Zochonis, da ya kafa kanti a can zamanin da jirgin ƙasa ya mayar da Sabon Gari cibiyar ciniki. Sunan ne ya rage mana a bakin 'yan Keke. Kantin Kingsway, da iyayenmu ke ba da labarinsa, ya zama tarihi. Shoprite ta Afirka ta Kudu ta shigo Najeriya a 2005, ta buɗe reshe a Ado Bayero Mall na Kano a 2014 har mutane na zuwa daga Zariya don kallo da ɗaukar hoto. A 2021 uwar kamfanin ta sayar da harkarta ta Najeriya, a Janairun 2024 kuma aka rufe reshen Kanon. Ban ga laifinsu ba, kasuwanci suka zo yi, lissafi ya ƙi fita suka tattara. Kasuwar birnin Zariya kuwa ta girmi zuwan Turawa, kuma gobe da safe za ta ci.

Kada masu shago da 'yan kasuwa su ɗauka na wanke su tas. Su ma suna da hannu wajen korar mutane. Mudun da aka bubbuge gindinsa, tiyar da ake aunawa da yatsa a ciki, buhun da samansa shinkafa mai kyau ƙasansa tsakuwa, duk muna gani. Sura guda ce a Alƙur'ani aka sanya wa sunan masu tauye awo, kuma yaran da ake aikowa shagon sun haddace ta a makarantar allo. Farashi in dala ta tashi ya tashi a ranar, in ta sauko sai a ce tsohon kaya ne. Gwangwanin da ranarsa ta wuce a juya shi ya fuskanci bango. Littafin bashin ma wani lokaci sai ka ga lambar da ba ka tuna ba, in ka yi magana a ce ba ka yarda da mutane. Mai shagon da ke son cinikin tsaba, ya rubuta farashi a kwali ya rataye, ya karanta wa yaro abin da ya rubuta kafin yaron ya bar wurin, ya kuma karɓi taransfa ba tare da ya ɗora wani abu a kai ba. Shugabannin kasuwa su ma su dawo da duba ma'auni, aikinsu ne tun asali.

Ni dai ga yadda nake yi. Albashi na shigowa, shagon unguwa ne zangon farko: a buɗe shafina, a share shi gaba ɗaya. Sannan in ba shi jerin abin da gida ke ci a wata, sukari, taliya, sabulu, man girki, in biya a gaba, ya haɗo da nasa sarin daga Sabon Gari. Shi ya sami jari mai juyawa, ni na huta da kuɗin mota, kuma bambancin farashin bai taɓa kai abin da zan ƙona a hanya ba. Hatsi da nama da kayan miya, kasuwa. Babban kanti kuwa sai abin da babu shi a nan, da takarda a hannu, ba tare da yara ba, kuma ina karanta rasit a tsaye ko na bayana zai yi tsaki.

Ga 'yan uwana ma'aikata, na jami'a da na asibiti da na ƙaramar hukuma da mu malaman makaranta: wannan watan, kafin ka fita ta Ƙofar Doka da katinka, ka biya ta shagon lungunku ka ce a buɗe maka shafinka. Ka biya abin da ke ciki, ka kuma bar masa cinikin tsaba ko na rabin cefanen watan ne.