Abin Da Gogen Turawa Ya Fi Namu Da Shi

A manyan makarantun kuɗi na Abuja da Legas, iyaye kan biya ƙarin kuɗi domin a koya wa 'ya'yansu bayolin, wato gogen Turawa. Cikinsu ba a rasa 'yan asalin Ikara ko Maƙarfi ko Kudan, waɗanda da yaron zai ce gogen gida yake son koya, da an tara masa dangi. Alhali kayan kiɗan biyu 'yan ɗaki ɗaya ne, domin kowannensu izgar doki ake goga wa tsirkiyarsa. Namu ƙwarya ce da aka rufe da fatar damo, mai tsirkiya ɗaya. Nasu katako ne mai tsirkiya huɗu.

A ganina, abin da ya ɗaukaka nasu shi ne rubutu da makaranta. Lokacin da Andrea Amati ya daidaita siffar bayolin a garin Kirimona na Italiya cikin ƙarni na 16, kiɗan rawa ake yi da shi, masu sarauta ba su ɗauki makaɗansa da wata daraja ba. Sannu a hankali aka rubuta kiɗansa, aka tsara koyonsa daki-daki, har ya zama ƙashin bayan simfoni, wato dogon kiɗan nan mai kashi huɗu da makaɗa masu yawa ke yi tare. An fara kaɗa simfoni na tara na Beethoven a Biyana a 1824, mai shi ya riga ya kurmance. Bayan shekara 200 ana kaɗa shi yadda ya tsara, har a Kinshasa, inda Armand Diangienda ya kafa ƙungiyar makaɗa a 1994 da mutanen da akasarinsu ba su taɓa shiga makarantar kiɗa ba. Takarda ce ta kai musu shi.

Mu kuwa, yaro kan bi ubangidansa shekara da shekaru, yana ɗaukar kaya, yana amshi, yana kaɗa ƙwarya, har hannunsa ya faɗa. Wannan hanya tana horar da kunne ƙwarai, sai dai rumbunta ƙirjin mutum ne. Ran da aka binne makaɗin da bai bar magaji ba, an binne taken manoma da na mahauta da na 'yan mata da ke kansa. Hassan Wayam, gwanin kukuma, ƙanwar goge, ya rasu a Zariya a 2020, kuma shi ya yi sa'a, muryarsa tana cikin faifai. Makaɗin ƙauye da bai taɓa shiga gidan rediyo ba fa? Abin da David Ames ya tattara a Zariya, ya wallafa tare da Anthony King a 1971, da littafin Jacqueline DjeDje na 2008 kan gogen Afirka ta Yamma, duk da Turanci suke, nesa da jikokin masu kiɗan.

Na san hujjar masu ƙyama: goge ya daɗe da bori da gidajen shashanci, malamai kuma sun yi magana a kansa. Ba na neman kowa ya saki fahimtarsa ta addini. Amma wanda ya yarda ɗansa ya riƙe bayolin ya riga ya amsa tambayar halacci a wurin kansa. Abin da ya rage masa raini ne kawai, rainin abin gida. Adana tarihi kuma ba ya nufin yarda da duk abin da ke cikinsa.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana kusa, tana da ɗaliban harsuna da na wasan kwaikwayo da ke neman abin bincike kowace shekara. A tura su Ikara da Maƙarfi da Hunkuyi su nemi tsofaffin makaɗan da suka rage, a ɗauki sauti da hoton yatsunsu, a rubuta sunan kowane take da wanda aka yi wa shi da wanda ya koyar da shi, da Hausa. Rubutun kiɗa na Turawa ba zai kama duk lanƙwasar goge ba, tunda goge karin harshe yake bi, don haka sautin ne asali, takardar mataimakiya. A kuma biya makaɗan haƙƙinsu, a ajiye musu kwafi a garuruwansu.

Mai kuɗin biyan darasin bayolin na zango ɗaya zai iya ɗaukar nauyin ɗalibi guda ya yi wannan aiki. Tsofaffin nan ba za su jira mu gama shawara ba.