Wa Ya Cinye Kujerar Ɗan Talaka?



Ya 'yan'uwana matasa, duk wanda ya tambayi dalilin da ya sa yara fiye da ɗari suke cunkushe a aji guda a makarantun gwamnati na biranenmu, rufi yana yoyo, babu kujera, babu ban-ɗaki, amsa ɗaya ake ba shi: babu kuɗi. Ni kuwa ina cewa wannan amsa rabin gaskiya ce, kuma da ita ake lulluɓe ɓarna.

Lallai kason ilimi ya yi kaɗan. A shekarar 2015 ƙasashen duniya sun amince a riƙa ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na abin da gwamnati ke kashewa, amma Gwamnatin Tarayyar Najeriya ta shafe shekaru ba ta kai ko kashi 10 ba. To, ɗan abin da aka ware ɗin fa, ina yake shiga?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko, wato firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, bisa sharaɗin kowace jiha ta ajiye daidai abin da za a ba ta kafin ta karɓa. Sau da yawa hukumar ta koka cewa biliyoyin naira suna jibge, jihohi ba su zo sun ɗauka ba, domin sun ƙi kawo nasu rabin. Subhanallahi! Ga kuɗi a ajiye, ga yara a kan siminti. Shin talauci ne wannan ko rashin kishi?

Idan kuma kuɗin ya fito, sai ya bi ta hannaye masu yawa. A ba da kwangilar aji ga ɗan siyasa, shi ya sayar wa wani, wancan ya rage siminti, damina biyu bango ya tsage. A rubuta sunayen malaman bogi, wani yana kwashe albashinsu duk wata. A ɗauki malami da takardar wani babba ba don ya iya ba. A shekarar 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, fiye da 21,000 suka faɗi. An yi ta zagin malaman, amma wa ya sa hannu aka ɗauke su? A watan Yuni na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano, shi da bakinsa ya faɗi cewa miliyoyin ɗalibai a ƙasa suke zama.

Wasu za su ce ai kason da ɗan kwangila ke mayar wa jami'i ihsani ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana ware wani abu da sunan kyautar da aka yi masa. Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya yi tir da haka, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna ba wanda zai kawo masa. Malamai suna kiran irin wannan gululu, kuma mai yin sa zai zo ranar kiyama ɗauke da abin da ya ci. Wanda ya ci kuɗin aji haƙƙin yara ɗari ya ci, 'ya'yan mai tura baro da mai wankau, alhali nasa 'ya'yan suna makarantar kuɗi. Umara ba ta wanke haƙƙin bayi, gina masallaci ma haka. Sai an mayar.

Kada ƙananan ma'aikata su ga kamar sun tsira. Hedimasta mai tatsar iyaye kuɗin da doka ta haramta, da malamin da ke sa hannu a rajista ya wuce kasuwa, su ma amana suka ci, ko da kuwa albashinsu bai isa ba.

Saboda haka, ɗan'uwa da 'yar'uwa, ku je makarantar unguwarku ku ƙirga ajujuwa da kujeru da malaman da suke zuwa. Ku shiga kwamitin kula da makaranta. Ku tambayi kansila da ɗan majalisarku nawa aka ware, wa aka ba kwangila, kuma ku tuna amsarsa ranar zaɓe. Wannan ma hani da mummuna ne.

Allah Ya shiryi shugabanninmu, Ya tsare mu daga cin amana.

Wassalamu alaikum.