Kumasi ta shirya wa bam na biyu

An horar da ɗan kwana-kwana ne ya ruga inda kowa ke gudu, kuma a gobarar kasuwa wannan halin shi ke ceton rai da dukiya. Ɗan ta'adda ya san haka, da shi yake ɗana tarko. Ranar 20 ga Mayun 2014 bam ya tashi a kasuwar Terminus ta Jos, jama'a da masu ceto suka taru kan waɗanda suka jikkata, ba a yi rabin sa'a ba na biyu ya fashe, aka rasa mutum fiye da 100. Shi ya sa nake ganin wajibi ne a koya wa ma'aikatan kashe gobara na Kumasi da na motocin asibiti abin da ba su saba ba: su karanta wuri kafin su shiga, su ajiye mota nesa, su gane jakar da ba mai ita, su iya ɗaure jijiya don tsayar da jini, su kuma san muryar wa za a bi idan 'yan sanda da hukumar agajin gaggawa ta NADMO sun iso a lokaci guda.

Wani zai ce Gana lafiya lau take, kuma hukumar da ke kukan ƙarancin motoci da famfunan ruwa, wadda gobarar kasuwar Adum ta Maris 2025 ta wahalar, ina ruwanta da bam? Kukan gaskiya ne, a saya musu motocin. Amma a Mayun 2022 'yan ta'adda sun kashe sojojin Togo 8 a Kpekpakandi, Burkina Faso mai fama da su kuwa iyaka ɗaya muke da ita, kuma motocin albasa da tumatir da shanu kullum suna sauka Kumasi daga arewa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ko ba ɗan ta'adda ma, Apiate ta ishe mu. A Janairun 2022 motar da ke ɗauke da nakiyoyin haƙar ma'adinai ta kama wuta kusa da Bogoso, mutane suka matso kallo, ta tarwatse ta share garin. Ilimin da zai kare mai ceto daga bam shi ne dai wanda zai sa a kori jama'a nesa da irin wannan mota.

Ƙorafin da ya fi nauyi daga cikinmu yake fitowa: da zarar an haɗa Zongo da ta'addanci a zance ɗaya, an shafa wa Musulmi baƙin fenti. Tsoron yana da dalili. Sai dai waɗanda aka kashe a Babban Masallacin Kano ranar 28 ga Nuwamban 2014 masallata ne a sahun Juma'a. Kuma duk wanda ya san lungunan Aboabo da Asawase da Sabon Zongo ya san motar kwana-kwana ba za ta riga samarin unguwa isa wurin ba. Su za su fara ɗaga mai rauni, su ne kuma bam na biyu zai fara samu. Horon da ya bar su a waje, da su da 'yan agajin masallatai, rabi ne.

Akwai kuma haɗarin taka-tsantsan ya zama jinkiri. A harin Manchester ta Ingila a 2017, inda mutum 22 suka mutu, 'yan kwana-kwana sun yi sama da sa'a biyu ba su isa ba, saboda hukumomi ba su fahimci juna ba. Maganin wannan atisaye ne na haɗin gwiwa, a fili, a maimaita shi. A yi ɗaya a Kejetia ranar da kasuwa ta cika, ɗaya a harabar Babban Masallacin Kumasi, da likitocin asibitin Komfo Anokye da na Manhyia a ciki, Sarkin Zongo da limamai su sanar da jama'a tun da wuri don kada kowa ya firgita. Majalisar birnin Kumasi da ta Asokore Mampong su sa kuɗinsa a kasafin kowace shekara.