Raƙumin dawa ba raƙumi ba ne

Sunan da muka ba shi ne ya ruɗe mu. Mun ga dogon wuya da dogayen ƙafafu, sai muka ce raƙumi ne na dawa. Amma duk wanda ya je Kure, kusa da Yamai, ko Gadabeji inda aka kai guda 8 a 2018, ya dubi sawunsa a ƙasa, zai ga kofato ne rababbe irin na saniya. Raƙumi kuwa a kan tafi mai taushi yake takawa. Raƙumin dawa ba shi da haƙoran gaba a sama, kamar tunkiya. Tumbinsa kashi huɗu ne, na raƙumi kashi uku, kuma mahaucin unguwarku zai shaida muku cewa raƙumi ba shi da ɓangaren nan mai ninki-ninki kamar shafukan littafi. Da masana suka gwada ƙwayoyin halitta, wato ADN, amsa guda suka samu: raƙumin dawa ya fi kusa da saniya da barewa, ɗan uwansa na kusa kuma okapi ne na dajin Kwango.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke koyar da wannan babi. A makarantar horar da malamai ina ganin ɗalibai masu ƙoƙari da suka haddace jadawalin rabe-raben dabbobi tsaf, amma in ka ce musu me ya sa aka sa wannan kusa da wancan, sai shiru. An ba su sakamako, ba a nuna musu hujja ba. Wasu malaman ma tsallake babin suke yi don gudun surutun iyaye.

Hujjar kuwa ita ce mai daɗin. Ku ɗauki dorinar Ayoru. An daɗe ana haɗa ta da alade saboda kama. A shekarun 1990 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa danginta mafi kusa su ne manyan dabbobin tekun nan da littattafanmu ke kira balen, waɗanda suke shayar da ƴaƴansu nono duk da kamarsu da kifi. Masanan ƙasusuwa da yawa suka ƙi yarda, kuma suna da dalili: haƙoran tsofaffin balen sun yi kama da na wasu dabbobi masu cin nama da suka ƙare tuntuni. Sai a 2001 aka bayyana ƙasusuwan da aka tono a Pakistan, na balen na farko masu ƙafafu huɗu, ga ƙashin idon sawunsu da kwari sama da ƙasa kamar kurar jan guga. Wannan ƙashi alama ce ta dangin tunkiya da raƙumi da dorina. Hujjoji biyu daga hanyoyi daban suka haɗu, gardama ta lafa. Haka ayun da ke kogin Isa, kada ku nema masa dangi cikin kifaye, giwa ce ƴar uwarsa.

Ga iyaye masu fargaba, na san abin da kuke tsoro, ban kuma raina shi ba. Sai dai yaron da ya ƙirga ƙasusuwan wuya ya tarar bakwai ne a raƙumin dawa, bakwai a akuya, bakwai a ɓera, ba a raba shi da salla ba. Wanda aka ɓoye wa babin zai gamu da shi a jarrabawa ko a wayar salula, ba malami kusa da shi.

Ba a bukatar ɗakin gwaji. Bayan layya a sa kowane ɗalibi ya kawo ƙashin idon sawun rago, a dafa a shanya. A roƙi mahauci na raƙumi da na saniya, a jera su a kan teburi, yara su faɗi abin da ya haɗa su kafin a buɗe littafi.