Mai Kallo Ma Ciniki Ya Yi, A Cika Masa Tiya

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wata waya da aka bugo mana a cikin shirinmu na rediyo, daga wata baiwar Allah mai sayar da atamfa da ke cin kasuwar Gidigir, a kan hanyar Damagaram zuwa Gure. Ta ce tana bin wani fim mai dogon zango a wayarta, sai ta ga uwargida ta fito daga ɗaki a fusace da atamfa shuɗiya, kafin ta kai tsakar gida atamfar ta koma ruwan goro, ɗaurin kallabin ma ya sauya. Sai ta ce: "Malam, shin aljana ce, ko kuwa mu ne aka mayar makafi?"

Mun yi dariya, masu saurare ma sun yi. Amma da muka tashi daga shirin sai muka ga maganar Hajiya ta wuce raha, magana ce ta haƙƙi. Domin kuwa kallo ba kyauta ba ne. A da kaset ake saye, daga baya aka koma faifai, yau kuma sai an biya mai turi ya zuba a waya, ko a sayi data, ga kuɗin caji. Uwa uba ga lokaci. Macen da ta yini a rana tana kasa tumatir, ko namijin da ya yini yana ɗora buhunan kanwa a mota, ɗan lokacin da ya rage musu bayan isha shi suke ba masu fim. Wanda ya ba ka kuɗinsa da hutunsa ciniki ya yi da kai.

To ta yaya ma atamfa take sauya launi a tsakanin ɗaki da tsakar gida? Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, ba a ɗaukar fim bi-da-bi yadda muke ganinsa. Idan an samu aron gida, to duk fitowar da ta shafi gidan nan a lokaci ɗaya ake ɗauke ta, ta farkon labari da ta ƙarshensa. Ana iya ɗaukar fitowar uwargida daga ɗaki yau, isowarta tsakar gida kuwa sai bayan mako uku, a wani gida dabam. Haka kuma zama ɗaya akan maimaita shi sau da dama, kyamara ta ɗauko wannan, ta juya ta ɗauko wancan. Shi ya sa za ku ga kofin shayi ya kai rabi, da an waiwayo ya sake cika, ko lallen amarya ya koɗe sannan ya dawo sabo. Saboda haka ne ake ɗaukar mutum guda, wanda ƴan fim ke kira mai kwantiniti, aikinsa kawai ya rubuta wace riga aka sa, a wane hannu agogo yake, a wace ƙafa aka ɗaure rauni. Shi ne malamin littafin bashi na masu fim. Kun san abin da ke samun kantin da ba a rubuta bashi.

Kada wani ya ce ai abin na talakawa ne. Masu kuɗin ma suna tuntuɓe. A Amurka akwai wani shiri na labarin duniyoyin sama da jiragen da ke yawo tsakanin taurari, mai suna The Mandalorian, na kamfanin Disney. A watan Nuwamba na 2020 aka saki wani kashi nasa, ana tsakiyar harbe-harbe a wata duniya, sai masu kallo suka hango wani ma'aikacin shirin a raɓe jikin bango, da rigarsa mai gajeren hannu, da wandon jins, har da agogo. Kafin wannan, a watan Mayu na 2019, an manta kofin gahawa irin na zamani a kan tebur a shirin Game of Thrones, labarin sarakunan da ke yaƙi da takobi. Duka biyun cikin ƴan kwanaki kamfanonin suka sa aka goge abin da kwamfuta.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne na Star Trek, shi ma labarin sararin samaniya, wanda aka fara nunawa a 1966. Akwai wasu halittu a ciki da ake kira Klingon. A shirin farko goshinsu sumul yake kamar na kowa. Da aka yi fim ɗin 1979, kuɗin kwalliya ya samu, sai ga su da goshi mai tudu-tudu, babu wani bayani. Masu kallo ba su manta ba, suka yi ta tambaya. Sai a 2005, bayan shekara 26, marubutan suka ware kashi biyu cur suka kawo dalili a cikin labarin, cewa wata cuta ce ta taɓa shafe musu goshi. Wani zai ce ɓata lokaci ne. Mu kuwa abin da muka gani shi ne mutanen da suka ɗauki tambayar mai kallo tamkar bashi, suka biya ko da an daɗe.

A nan ne ya kamata mu rarrabe abu uku. Akwai lalura. Misali, a 2022 Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina na Aminu Saira, Fati Washa ta ci gaba da fitowa a matsayin Sumayya. An yi ta muhawara, amma kowa ya san abin da ya faru, ba a ɓoye wa kowa ba, kuma irin wannan yana faruwa a ko'ina. Akwai kuma tuntuɓe, irin na kofin gahawa, wanda ɗan Adam ba ya wuce shi. Sannan akwai na uku, wato ko-in-kula. A ce yarinya marainiya ce a kashi na 3, a kashi na 20 sai ga mahaifinta ya zo biki. A ce shekara goma ta wuce, amma kalandar da ke bango ba ta motsa ba. A harbi mutum a hannun dama, a ɗaure masa na hagu. Wannan ba rashin kuɗi ba ne, domin littafi da biro da wayar da za a ɗauki hoton ɗan wasa kafin a tashi aiki ba su kai kuɗin abincin rana ɗaya ba.

Mun san za a ce sana'ar tana cikin wahala, masu satar fasaha sun cinye riba, ana yin aiki cikin gaggawa don kada mako ya zo babu sabon kashi. Gaskiya ne, kuma mu masu karɓar turi muna da namu laifin a ciki. Amma sana'ar da ta faro tun daga Turmin Danya a 1990 ta haura shekara 30, ta wuce a riƙa yi mata uzurin yarinta. Ku ma ƴan kasuwa kuna cikin wahalar, amma wace ce a cikinku za ta auna gero da tiya mai lotsattsen gindi ta ce ai mai saye ba zai lura ba? Zai lura, ba zai yi magana ba, mako mai zuwa dai a rumfar maƙwabciya za a gan shi. Ga finafinan Indiya da aka fassara da Hausa suna jiran duk wanda ya gaji da namu.

Don haka muna kira ga masu shirya fim na Kano, da ƙannenmu masu tasowa a Damagaram da Maraɗi, da su ba mai kwantiniti daraja da haƙƙinsa, su daina ɗora aikin a kan yaron da ke riƙe da fitila. Kafin a saki kashi, a samu wanda bai je wurin ɗauka ba ya kalla. Mu da za a bi tamu, da mai sayar da atamfa za a kira, domin idonta ba ya barin zare.

Ku kuma masu kallo, idan kun gani ku faɗa, cikin ladabi, ba da zagi ba. Ku bugo wa gidajen rediyo, ku sa yaranku su rubuta a ƙarƙashin shirin a YouTube. Wanda ya gyara ku yaba masa, ku kalli kayansa ta hanyar da kuɗin zai isa gare shi. Ita kuwa Hajiyar Gidigir, muna gaya mata ba aljana ta gani ba, kuma idonta lafiya lau yake.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya sa mu dace. Amin.