A Daidaita Dogo Tun Kafin Jirgi Ya Kai Iyaka

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san wahalar kawo kaya daga gida. Shanu su kwana biyu a tsaye cikin tirela, tumatir da albasa su fara ruɓewa tun ba a iso kasuwar Mile 12 ba, ga shingayen hanya, kowanne da abin da ake ajiyewa. Don haka da aka ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021 jama'a sun yi murna. To, amma akwai maganar da ba a cika yi ba, ita ce ta faɗin dogo.

Faɗin dogo shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu da jirgi ke hawa. Turawan Ingila sun shimfiɗa na Nijeriya da na Gana a kan ƙafa uku da inci shida, watau milimita 1,067. Faransawa kuwa sun yi nasu mita ɗaya cif, daga Kwatano zuwa Parakou, daga Abijan zuwa Wagadugu. Bambancin bai kai inci uku ba, amma ya isa ya hana tarago ƙetare iyaka. Kowane Bature ya ja layinsa ne daga cikin ƙasa zuwa bakin teku don kwashe gyaɗa da auduga da kuza, ba ruwansa da cinikin maƙwabci da maƙwabci.

Wasu ƙasashe ma sun sha wannan ruɗani, sai dai sun yi maganinsa da wuri. Ingila ta kafa doka a 1846 ta tsai da faɗi guda, wanda ya zama milimita 1,435. A 1886 ƙasashen Turai suka zauna a Bern ta ƙasar Suwizalan suka amince da ma'auni ɗaya domin taragon wannan ƙasa ya bi dogon waccan. A shekarar kuma, kamfanonin kudancin Amurka suka gyara faɗin dubban mil na dogo cikin kwana biyu kacal. A 1922 aka kafa Ƙungiyar Jiragen Ƙasa ta Duniya a Faris don ci gaba da wannan aiki.

Afirka ma ta kafa tata ƙungiyar a Adis Ababa a 1972, amma taro ya fi aiki yawa. Ga misali kusa. Dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso tsakanin 2014 da 2016 mai mita ɗaya ne, na Kano zuwa Maraɗi kuwa mai milimita 1,435 ne. Ke nan ranar da layukan biyu suka haɗu a cikin Nijar, sai an sauke kaya daga wannan jirgi an loda a wancan. Kuɗin dako da ɓata lokaci da kayan da za su salwanta a tasha, duk a kan ɗan kasuwa za su ƙare, daga nan su gangaro kan mai saye.

Wasu na cewa sabon dogo tsada gare shi, gara a gyara tsohon. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin Afirka ta Kudu tana jan taragai masu nauyin gaske na tama a kan faɗi irin na tsohon dogon Nijeriya. Ashe ba faɗin ne ke da albarka ba, yarjejeniyar ce. Amma tun da Nijeriya ta riga ta zaɓi 1,435, ta buɗe Abuja zuwa Kaduna a 2016 da Ikko zuwa Badun a 2021, ya kamata ta tsaya a kai, ta kuma ja maƙwabta su tsaya tare. Kuma muddin ba a haɗa Badun da Abuja ba, albasar Galmi ba za ta iso Ikko a cikin tarago ɗaya ba.

Faɗi kaɗai ma bai wadatar ba. Dole ƙugiyar haɗa taragai ta zama iri ɗaya, haka birki, haka alamun ba da hannu, haka nauyin da gada za ta ɗauka. Takardun kwastan su ma a daidaita su, kada jirgi ya yi gudun awa biyar sannan ya kwana uku a bakin iyaka.

Gaskiya ne Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025. Amma gwamnatoci suna zuwa suna wucewa, dogon da ya haɗa Ikko da Kano tun 1912 kuwa yana nan. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar da aka kafa a 1971. A nan ya dace injiniyoyin ƙasashen biyu su zauna su rubuta ma'auni ɗaya, ko da 'yan siyasa ba sa ga maciji da juna.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwar shanu da na kayan gwari da na goro, da sarakunan Hausawa na Agege da Sabo, su ne wannan magana ta fi shafa. Su tambayi wakilansu a majalisa ranar da za a haɗa layin Kudu da na Arewa, da irin yarjejeniyar da aka ƙulla da Nijar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka bari sai an gama zuba kankare, gyaran zai ci ninkin kuɗin ginin, kuma talaka ne zai biya. Allah ya sa shugabanni su ji.