A Ba Mu Dare Ɗaya Na Kallon Taurari



A darasin kimiyya an koya mana duniyoyi 8 da suke kewaya rana. Mun haddace su, mun rubuta a jarrabawa. Amma da za a fito da mu tsakar gida bayan magariba a ce mu nuna ɗaya da yatsa, mutum nawa za su iya? A ganina wannan karatu bai cika ba, kuma gyaransa ba ya cin ko sisi.

Ku tambayi kakanninku, su sun san sama. Za su nuna muku Zara matar wata da yamma, su ce Gamzaki ne yake fitowa da asuba. To, su biyun abu ɗaya ne, wato duniyar Benus da muka haddace! Shi ya sa haskenta ba ya ƙyalƙyali kamar na sauran. Akwai kuma Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda malamai suke kira Suraiya. Tana cikin taurari 28 da ake lissafin shekara da su, kowanne kwana 13, manomi ya san lokacin shuka. Idan tsofaffin nan suka tafi ba mu tambaye su ba, wa zai gaya wa ƙannenmu sunayen?

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan dare ya fara, ku nemi taurari uku a jere kamar an ja su da rula. Suna cikin rukunin da Turawa suke kira Oriyon. Kusa da su akwai wasu ƙanana, na tsakiyarsu dishi-dishi kamar hayaƙi. Wannan gajimare ne na iska da ƙura, ana ce masa nebula, kuma a cikinsa ne sababbin taurari suke samuwa. Hasken rana minti 8 yake yi ya iso Birnin Kebbi. Hasken wannan gajimare ya fi shekara 1,300 a hanya. Ke nan tun kafin Kanta ya kafa daular Kabi hasken ya taso, sai yanzu ya shiga idonka. Ni dai duk sanda na tuna haka sai tsikar jikina ta tashi.

Na san wasu za su ce kallon taurari bokanci ne. A'a. Boka cewa yake tauraro ya san wanda za ka aura. Mu kuwa muna so mu san suna da nisa, mu gane gabas da arewa, kamar yadda matafiya suke yi tun da. Wasu kuma za su ce sauron fadama, wannan kam gaskiyarsu, a zo da riga mai dogon hannu. Hazon hunturu ma yakan rufe sama, sai a jira daren da ya washe.

'Yan'uwanmu na ƙauyukan hanyar Argungu sun fi mu morewa, don fitilun titi ba su kashe musu sama ba. Mu na cikin gari, ranar da aka ɗauke wuta kada mu tsaya tsaki. A shimfiɗa tabarma, a kife waya, a ba ido minti 20 ya saba da duhu.

Roƙona ga shugaban makaranta da malamin kimiyya shi ne a ware mana dare ɗaya a wannan zangon, wanda babu farin wata, a filin ƙwallo, da izinin iyayenmu. A gayyato dattijo ɗaya daga unguwa ya faɗi sunayen Hausa, malam ya faɗi na littafi, mu 'yan ƙungiyar jarida mu rubuta mu liƙa a wannan allo.